Dariyar Wa Ce? Yadda Ake Auna Sabon Ɗan Barkwanci a Gasar Talabijin

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamar wasan kwaikwayo ce. Wata tashar talabijin ta gayyace ni in zauna cikin alƙalan gasar masu fasaha, kuma an ce min kusan rabin masu fitowa sababbin 'yan barkwanci ne. Mawaƙi na san yadda zan auna shi, mai rawa ma haka. Amma mai ban dariya fa? In 'yan kallo sun yi dariya shi ke nan ya ci, ko akwai abin da ake dubawa? Ina tsoron in zalunci wani don kawai abin da ya faɗa ni bai ba ni dariya ba.

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Akwai abin da ake dubawa, amma ba ya kore dariya. Wanda ya hau dandamali ya sauka babu wanda ya ko murmusa, ya faɗi, komai kyan abin da ya rubuta. A nan babu musu. Aikinki yana farawa ne bayan an yi dariyar. Duk sanda zaure ya ɗauka, ki tambayi kanki: wannan dariyar ta wa ce? Shi ya haƙo ta da abin da ya tsara, ko dama zauren ya riga ya ɗau zafi, ko tausayinsa ake ji, ko kuwa maganar wani ya aro? A kunne duk sautinsu ɗaya. A takardar maki ta farkon ce kawai ke da daraja.

Ki fara da sanin cewa irin wannan gasa tun daga tsarinta ba ta yi wa mai barkwanci adalci. Mawaƙi zai ɗauko waƙar da kowa ya haddace ya rera, a tafa masa, har a ce ya fi mai ita. Mai barkwanci in ya yi haka sunansa ɓarawo. Waƙa daɗi take ƙarawa in an maimaita ta, shi kuwa barkwanci ransa na cikin bazata, da an ji shi sau ɗaya ya tashi aiki. Ga ƙarancin lokaci: a zagayen tantancewa na America's Got Talent sakan 90 ake ba mutum, alhali a gidajen barkwanci ko sabon shiga yakan sami minti biyar. Shirin nan ya fara a 2006, kuma har zuwa 2024 babu mai barkwancin tsaye, wato mutum ɗaya da makirufo, da ya lashe shi. Tom Cotter ya zo na biyu a 2012, karnuka masu wasa ne suka kayar da shi. Drew Lynch ma na biyu ya zo a 2015, a bayan mai sa 'yar tsana magana. Britain's Got Talent ya fara a 2007, sai a 2018 mai barkwanci ya fara cinye shi. Don haka in ɗan barkwanci ya fito bayan yarinyar da ta sa zaure kuka da muryarta, kada ki ɗora su a sikeli ɗaya.

Yanzu zauren. Dariya bin juna take yi. Robert Provine, masani a Amurka da ya shafe shekaru yana nazarin lokutan da mutane ke dariya, ya gano cewa mutum ya fi yin ta kusan ninki 30 a cikin jama'a fiye da in yana shi kaɗai. A 2019 kuma Sophie Scott da abokan aikinta a Landan sun zaɓo barkwanci 40 marasa ƙarfi da gangan, suka saka wa mutane. Da aka maƙala musu sautin dariya a ƙarshe sai makin da ake ba su ya tashi. Masu talabijin sun riga masana sanin wannan. Tun shekarun 1950 wani injiniyan sauti, Charley Douglass, ya ƙera akwatin da ke fitar da dariyar da aka naɗa, ana cusa ta inda ta yi ƙaranci. Yau kafin a kunna kyamara akwai wanda aikinsa kawai ya ɗumama zaure, ya nuna wa mutane lokacin tafi da lokacin miƙewa. A ɗakin tace shiri kuma ana iya yanke barkwancin da ya mutu, a matso da masu kyau kusa da juna, a ɗauko fuskar wata da ta ƙyalƙyale a wani wuri a liƙa a nan. Mai kallo a gida ba shi da hanyar ganewa. Ke da ke zaune a wurin kina da ita, kuma amfaninki a teburin ke nan.

Saboda haka ki ba zauren kunne ɗaya. Daga ina dariyar ta taso? In kullum daga kusurwa ɗaya take tashi, tun bai kai ƙarshen jimla ba, 'yan rakiyarsa ne, sun san abin da zai faɗa. Ta gaske lokaci guda take fashewa daga wurare da yawa, har layin baya, kuma a kan wata kalma take faɗowa. Sannan ki raba tafi da dariya. Tafi mutum ne ke yanke shawarar yin sa: ya yarda da abin da aka faɗa, ko yana son ƙarfafa wa yaro gwiwa, ko ya ga na kusa da shi na yi. Dariya kuwa ƙwace take yi. Sababbin shiga da yawa sun gane cewa in suka yabi iyaye mata, ko suka caccaki wanda kowa ke jin haushinsa, za a tafa, sai su cika mintunansu da irin wannan. In an tafa sau shida an yi dariya sau ɗaya, jawabi ya yi, makin jawabi za ki ba shi. Fuskarki ma ki kula da ita, domin zaure na satar kallon alƙalai, mai wasan ma haka. In abu ya kama ki ki yi dariyarki, in bai kama ki ba kada ki ƙaƙalo, amma kada ki murtuke, yaro na ganin haka zai fara sauri yana haɗiye ƙarshen maganarsa.

To, in dariyar tasa ce, me ya kawo ta? A nan zan daɗe, don a nan ake gane wanda ya san abin da yake yi da wanda ya taki sa'a. Barkwancin baki gida biyu ne. Akwai shimfiɗa, wadda ke sa mai sauraro ya zaci hanya kaza za a bi, sai juyi, wanda ke nuna masa ashe wata hanyar ce. Ga misali nawa: "Likita ya ce hawan jini gare ni, in guji duk abin da zai tayar min da hankali. Na ce to. Sai ya miƙo min takardar kuɗinsa." Kalmar da ke ɗauke da juyin ita ce ta ƙarshe, yana faɗin ta sai ya yi shiru ya bar wa mutane fili. Ga yadda sabon shiga zai kawo ta: "Kun san likitocin nan akwai tsada, rannan wani ya ba ni takardar kuɗi mai yawan gaske, alhali shi ne ya ce kada in tayar da hankalina, kun ga ai ya tayar min ke nan." Tunanin ɗaya ne. Amma ya tona juyin tun a jimlar farko, ya binne shi a tsakiya, ya kuma zo yana yi masa sharhi a ƙarshe. Duk wanda ke yi wa barkwancinsa sharhi bai yarda da shi ba. Gwani kuwa, dariyar farko na fara sauka sai ya ɗora ƙari ba tare da sabuwar shimfiɗa ba: "Na ce likita, ita wannan cikin maganin take ko cikin cutar?" Shimfiɗa ɗaya, dariya biyu. In kin ga sabon shiga ya yi wannan, ko sauran wasansa da rauni, ki ɗaga masa maki, don ba a yin sa bisa kuskure.

Sai tsawon shimfiɗa. A wasan minti biyu, wanda ya cinye sakan 40 yana gaisuwa da gabatar da kansa ya ƙona sulusin lokacinsa. Ni ina sa ran dariyar farko kafin sakan 20. Masu koyar da harkar a Amurka kan ce ƙwararre yana fitar da dariya huɗu zuwa shida a minti ɗaya. Ba na ɗora wa sabon shiga wannan adadi, ba na kuma son a mai da shi doka, domin mai ba da labari yana iya tara minti guda cur don fashewa ɗaya wadda ta fi ƙanana shida. Amfanin ƙirge shi ne ya hana ki ruɗuwa. Ki riƙe biro, duk dariya ki ja layi, babba dogo, ƙarama gajere. Wasa na ƙarewa za ki ga wanda ya fara da ƙarfi ya lafa, da wanda ya yi ta hawa, da wanda dariya ɗaya tak ya samu a ƙarshe, amma don ita kika ji daga baya har kin fara zaton wasan duka ya yi kyau.

Abin da ya fi saurin tona asirin sabon shiga shi ne shiru. Tsoronsa yake ji. Ana tsakiyar dariya zai ci gaba da magana ya danne ta, mutane su yi tsit don kada na gaba ya wuce su, bayan sau biyu ko uku kuma sai su daina sakin jiki gaba ɗaya. Ko ya faɗi juyi ya tsaya yana jiran dariyar da ba ta zo ba, yana murmushin roƙo. Daidai shi ne a shigo da magana ta gaba lokacin da dariya ta kai ƙololuwa ta fara gangarowa, tun ba ta mutu ba. Wannan ba a koyon sa a gaban madubi, sai a gaban mutane, shi ya sa ba na tsananta wa sabon shiga a kansa. Abin da nake zuba wa ido shi ne yadda yake yi in barkwanci ya mutu masa a hannu. Wani zai rikice ya manta na gaba. Wani zai ɗora wa zaure laifi: "Ba ku gane ba ne." Wani kuwa zai dubi mutane ya ce, "To, wannan ya rasu, Allah ya ji ƙansa," a yi dariyar da ta fi wadda ya nema tun farko. Na ukun nan yana jin zauren, ba hadda yake biyawa ba. A wurina wannan ta fi barkwanci uku masu kyau daraja.

Ke malamar wasan kwaikwayo ce, don haka akwai tarkon da ya shafe ki musamman. Idonki ya saba neman tsayuwa mai kyau, murya mai fita, motsi mai ma'ana. Za ki ga wanda ya cika dandamali da kuzari, yana tsalle yana canza murya, zuciyarki ta karkata gare shi. Ki ga wani a tsaye ƙiƙam, murya ƙasa-ƙasa kamar dole aka yi masa ya zo, ki ce bai iya ba. Kada ki yi sauri. A barkwanci sanyin jiki kan zama salo, in mutum da saninsa yake yi. Gwajin da nake yi shi ne in ɗauka an rubuta min abin da mutum ya faɗa a takarda, babu tsalle babu gatsine. In babu abin da ya rage, kuzari ne kawai, kuma kuzari ba ya wuce zagaye ɗaya.

Sai dai wannan gwaji na mai magana ne, kada ki ɗora shi a kan wanda jikinsa ne barkwancinsa. A 2023 wani ɗan ƙasar Norway, Viggo Venn, ya fito a Britain's Got Talent sanye da rigar nan mai ƙyalli ta ma'aikatan hanya. Ya cire ta sai ga wata a ciki, ya cire ga wata. Simon Cowell, wanda shi ya ƙirƙiro shirin, ya danna masa jan maɓallin kora. Ƙarshenta Venn ne ya lashe gasar, ya tafi da fam 250,000. A takarda wasan nan ba komai ba ne. Amma mutumin ya yi karatu a makarantar Philippe Gaulier a Faransa, inda ake koyar da wasan wawa a matsayin sana'a, kuma abin da ya yi da lissafi ya yi shi: a maimaita abu har ya fara gundura, a ci gaba har gundurar kanta ta koma abin dariya. Amsar tsoron da kika ambata a nan take. Kafin ki ce abu bai yi ba, ki tambaya me mai shi yake nema, ya kuma same shi ko bai samu ba. "Ba irin nawa ba ne" daban, "bai iya ba" daban. Na farkon ki bar shi a cikinki.

Sai batun aro. A 2011 wani matashi ya burge alƙalan Australia's Got Talent ya wuce zagaye na gaba, ba a jima ba aka bankaɗo cewa barkwancin na Lee Mack ne ɗan Birtaniya da Geoff Keith ɗan Amurka. Ba za ki iya sanin duk barkwancin duniya ba, amma aro yana da alamu. Abin aro yakan fi ƙarfin bakin mai faɗa: jimla ɗaya sumul a goge, na gefenta duk a hargitse. Ko ki ji ɗan shekara 19 yana ba da labarin rikicin auren shekara 20. Ko maganar ta zama wadda kowa zai iya faɗa, babu abin da ya nuna idon wannan mutumin ne ya gani. Yawancinsu ba da niyyar sata suke yi ba, abin da ke yawo a WhatsApp da TikTok suke tattarowa, a zatonsu na kowa ne. Hanya mafi sauƙi ita ce tambaya bayan wasa, cikin raha: "Wannan na likitan, yaya aka yi ya zo maka?" Mai abu zai ba ki labari, sau da yawa labarin ma ya ba da dariya. Mai aro zai ce haka kawai. Ni barkwanci mai rauni da mutum ya haƙo daga rayuwarsa ya fi samun makina a kan mai ƙarfi na wani, domin zanen aro ba ya rufe katara. Masu kwaikwayon muryar shahararrun mutane ma kusan nan suke shiga. Kama murya gwaninta ce, amma ki saurari abin da ya faɗa da muryar. In maganar da kowa ya san mutumin da ita ya maimaita, rabin aiki ya yi.

Tausayi ya fi aro wuyar sha'ani, don shi ta zuciyarki yake shigowa. Shirye-shiryen nan kan nuna ɗan tarihin mutum kafin ya fito, da kiɗa mai sanyi, kafin ya hau dandamali rabin zaure sun riga sun ba shi ƙuri'a. Kuskure biyu ake yi a nan. Ɗaya a ƙara maki don labarin. Ɗayan, wanda ba a cika faɗa ba, a rage wa mai lalura daraja a ce ai tausayi ne ya kai shi. Lee Ridley, wanda ya ci Britain's Got Talent a 2018 da sunan Lost Voice Guy, ba ya iya magana saboda lalurar ƙwaƙwalwa da ta same shi tun yana jariri. Na'ura ce ke karanta abin da ya rubuta, da murya ɗaya wadda ba ta hawa ba ta sauka. Ki duba abin da ya rasa: babu canza murya, babu jan kalma, babu ɗaga sauti. Abin da ya rage masa rubutu ne da sanin lokacin da zai danna maɓalli. Wanda ya ba zaure dariya da waɗannan biyun kaɗai ya ci jarrabawar da ta fi ta kowa tsanani. In kin rasa gane wace iri ce, sautin zai gaya miki. Dariyar tausayi a tausashe take zuwa, da "ayya" da tafi. Ta gaske ba ta da ladabi.

Tunda na ambaci Ridley, ya riga ya ci kyautar sababbin 'yan barkwanci ta BBC tun 2014. Daliso Chaponda ɗan Malawi, da ya zo na uku a 2017, ya fi shekara goma yana sana'ar kafin nan. Tom Cotter ma haka. Da yawa cikin waɗanda manyan shirye-shirye ke nunawa kamar daga sama suka faɗo tsofaffin hannu ne, sun tsamo mafi kyan minti biyu daga aikin shekaru. Kada ki kalli bidiyonsu a YouTube ki je ki auna yaron da bai fi sau uku ya taɓa tsayawa gaban jama'a ba.

Sabon shiga na gaske minti biyu ko uku masu kyau gare shi, waɗanda ya yi ta gwadawa a kan abokansa, kuma duk zai zube su a zagayen farko. Zagaye na biyu ne ke nuna ko akwai saura. Shi ya sa tun a na farko nake neman alamar cewa mutum na da inda yake ɗebowa, wato yana da yadda yake kallon duniya wanda zai iya juya shi kan kowane batu. Wanda duk wasansa a kan abu ɗaya ya tsaya, tsayinsa ko ƙibarsa ko yadda mahaifiyarsa ke magana, shi zai sake kawowa a karo na biyu, dariya ta ragu. A zangon farko na Last Comic Standing, gasar 'yan barkwanci ta talabijin a Amurka, a 2003 Dat Phan ne ya ci, kuma ya dogara sosai da kwaikwayon karin harshen mahaifiyarsa 'yar Vietnam. Ralphie May da ya zo na biyu shi ne ya yi ta fitar da manyan shirye-shirye nasa na kansa har rasuwarsa a 2017. A Indiya Raju Srivastava na uku ya zo a The Great Indian Laughter Challenge a 2005, ya kuma fi wanda ya ci suna nesa ba kusa ba. Dave Chappelle, shahararren ɗan barkwancin Amurka, yana matashi an yi masa ihu har ya sauka a daren sababbin shiga na gidan Apollo da ke New York. Gasa dare ɗaya take aunawa. Makin daren za ki bayar, don haka kada ki ce wa kowa ya nemi wata sana'a.

Barkwancin cin mutunci ba zan daɗe a kansa ba. Ki dubi wa ake yi wa dariya. In wanda ba zai iya ramawa ba ne, mai lalura ko wata ƙabila ko mace don kawai mace ce, dariyar mai arha ce, kowa zai iya samo ta, kuma ina rage maki a kanta a matsayin rashin gwaninta tun kafin a zo maganar tarbiyya. Ku dai alƙalai ku daidaita a kan iyaka tun kafin a fara, a sanar da masu gasa, kada a kama mutum da dokar da bai ji ba.

Abu biyu ki tambayi masu shirin kafin ki sa hannu. Makinku ne ke yanke hukunci, ko shawara ce kawai? A 2004, a zango na biyu na Last Comic Standing, 'yan barkwanci Drew Carey da Brett Butler suna cikin alƙalai, aka sanar da waɗanda suka wuce suka ga ba zaɓinsu ba ne. Suka fito fili suka yi ƙorafi, sai ga shi a ƙa'idar shirin furodusoshi da tashar NBC na da hannu a zaɓen. Furodusa na neman wanda zai riƙe mai kallo mako bayan mako, ke kina neman wanda ya fi iyawa, kuma ba kullum suke zama mutum ɗaya ba. Gara ki sani tun wuri, tunda da sunanki za a yi amfani.

Sannan yaya ake tsara wanda zai fara fitowa? Na farko zaure mai sanyi yake tararwa, shi zai ɗumama shi wasu su ci moriya, alƙalai kuma suna riƙe maki don ba su san abin da ke tafe ba. Gasar barkwanci ta M-1 Grand Prix ta Japan misali ce. An fara ta a 2001, galibi mutum bibbiyu ke fitowa, minti huɗu a zagayen ƙarshe, kowane alƙali ya ba da maki cikin 100, kyautar kuma yen miliyan 10. Waɗanda suka fara fitowa sun ci a shekarar farko, ba a sake ganin haka ba sai 2023. Tun 2017 ƙuri'a ake zarowa nan take a kan wanda zai fito. Ke abin da za ki iya shi ne ki rubuta makin mutum ukun farko da fensir, ki waiwaye su bayan kin ga rabin masu gasa, in tsarin ya yarda. Kuma kullum ki rubuta naki kafin na kusa da ke ya buɗe baki, don ra'ayi ma bin juna yake yi a teburin alƙalai.

Saura maganar da za ki yi wa mutum bayan ya gama. "Ba ka ba ni dariya ba" gaskiya ce marar amfani, yana tsaye a wurin, ya ji shirun da kunnensa. "Ka yi ƙoƙari" ma ba ta ƙara masa komai. Ki ɗauki abu ɗaya da zai iya gyarawa kafin mako mai zuwa: "Na likitan nan yana da kyau, amma ka ambaci kuɗin tun farko, mai da shi ƙarshe ka yi shiru." Ko: "Ka yi sakan 40 kafin dariyar farko, rage gaisuwar." Za a matsa miki ki riƙa gatse, domin alƙali mai kaifin baki yana jawo masu kallo. In za ki yi raha da mai gasa, ki yi da wanda wasansa ya yi kyau, shi zai iya mayar miki. Wanda ya faɗi kuwa ki ba shi gyaransa a jimla biyu, ki bar shi ya sauka.